Awon jikin mutum da haske: yadda ɗalibin Damagaram zai kama hanyar bincike a jami'a

Ƙaramin abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa a babban asibitin Damagaram, ya nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa, fitilu biyu ne kawai a cikinsa. Ɗaya ja ce mai tsawon igiyar haske nanomita 660 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ɗayar kuma tana fitar da hasken da ido ba ya gani, wajen nanomita 940. Himoglobin, sinadarin da ke dakon oksijin a jini, idan ya ɗauki oksijin ba ya shan jan haske sosai, wanda ya sauke oksijin kuwa yana shan sa da yawa. A 940 lamarin yakan juye. Duk bugun zuciya jini yana ƙaruwa a yatsa ya ragu, sai na'urar ta ware ɓangaren hasken da ke hawa da sauka tare da bugun, ta raba na jan da na ɗayan, ta samu lamba guda. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano wannan dabara a farkon shekarun 1970.

Amma wannan lamba ba ita ce yawan oksijin ba. Sai an duba ta a wani jadawali da kamfani ya tsara ta hanyar gwada lafiyayyun mutane, a rage musu oksijin a hankali har kashi 70 cikin ɗari, ana ɗibar jinin jijiyarsu ana kwatantawa. To su wane ne waɗannan mutanen? Ƙa'idar da hukumar FDA ta Amurka, mai kula da magunguna da na'urorin likitanci, ta fitar a 2013 ta wadatu da baƙar fata biyu, ko kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. A watan Disamban 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na jami'ar Mishigan suka wallafa abin da suka gani: cikin awon da na'ura ta nuna 92 zuwa 96, kashi 11.7 cikin ɗari na baƙar fata ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba, alhali a wajen farar fata kashi 3.6 ne. Ma'ana, na'ura tana ce wa likita lafiya lau, yaro kuwa yana buƙatar oksijin. A garin da kusan kowa baƙar fata ne, mata kuma suna ƙunshi da lalle a yatsu, wannan tambaya ce ta rai da mutuwa, kuma babu wanda ya fi mu dacewa ya amsa ta.

Irin wannan aiki shi ne fannin awon jiki da haske: sanin abin da haske ke yi idan ya shiga nama da jini, da ƙera na'urar da za ta karanta shi, da tabbatar da cewa abin da ta faɗa gaskiya ne.

Abu biyu ke samun haske a cikin jiki. Ko dai a shanye shi, ko a warwatsa shi. Masu shan sa sun haɗa da himoglobin, da melanin mai ba fata launi, da ruwa, da kitse, kowanne da launin da ya fi sha. Tsakanin nanomita 650 da 950 shan yana raguwa, shi ya sa mafi yawan na'urorin da ke son leƙa can ciki suke aiki a nan. Warwatsawar ce babbar matsala. Kamar fitilar mota ce a cikin hazon hunturu: hasken na nan, amma ya bazu, ba ka ganin siffar abin da ke gabanka. A cikin nama, haske yana sauya hanya duk bayan kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma kafin ya ci milimita ɗaya ya manta inda ya dosa.

Daga nan ne duk rassan fannin suka rabu, don kowane reshe ciniki ne tsakanin zurfi da kaifin hoto. Madubin likita yana da kaifi amma sai abu siriri. Iyakarsa Ernst Abbe ya rubuta ta tun 1873: a raba tsawon igiyar haske da ninki biyu na lambar NA da ke rubuce a jikin gilashin, wadda ke nuna yawan hasken da yake iya tarawa. Da koren haske mai nanomita 550 da gilashi mai girmamawa sau 100 da ake ɗiga wa mai, wanda NA ɗinsa 1.25 ne, ƙaramin abin da za a iya rarrabewa nanomita 220 ne. Ƙwayar jan jini maikiromita 7 zuwa 8 ce (maikiromita ɗaya nanomita dubu ne), ƙwayar cutar maleriya a matakin zobe ba ta wuce 1 zuwa 2 ba, don haka ana ganin ta. Sai OCT, wadda David Huang da James Fujimoto da abokansu na jami'ar MIT ta Amurka suka gabatar a 1991, wadda ke auna hasken da ya dawo daga kowane bene na nama zuwa zurfin milimita ɗaya ko biyu. Da fitila mai nanomita 840 da faɗin launi nanomita 50 ana samun kaifin wajen maikiromita 6, abin da ya isa a ga benayen bayan ido ɗaya bayan ɗaya, a gane ɓarnar hawan jinin ido ko ta ciwon suga. Akwai kuma dabarar harba ɗan gajeren hasken leza jini ya sha ya ɗan kumbura ya fitar da sauti, a saurari sautin a zana hoto har zurfin santimita kaɗan.

Wa zai iya shiga? Ƙofa uku ce: fizik, ko injiniyancin lantarki da kwamfuta, ko likitanci. Mai bak na sashen C ko D da ya yi lisans a fizik, a jami'ar André Salifou ta nan Damagaram da aka kafa a 2010, ko a ta Abdou Moumouni a Yamai, ya kama hanya. Sunan ta Yamai ma abin lura ne, don Abdou Moumouni Dioffo masanin fizik ne da ya ƙarar da rayuwarsa a binciken hasken rana. A shekaru ukun lisans, darussan da ba a wasa da su su ne ilimin gilasai da igiyar haske, da lissafin Furiye, da aljabrar matiris, da ƙididdiga. Lissafin Furiye musamman: wanda bai fahimce shi ba zai yi ta amfani da madubin likita da OCT ba tare da ya san dalilin da hoto ke dushewa ba. A haɗa da rubuta manhaja da Python, da sarrafa hoto da ImageJ, dukkansu kyauta ne. Sai Turancin Ingilishi. Karatunmu da Faransanci ne, amma manyan mujallun fannin, irin su Journal of Biomedical Optics da Biomedical Optics Express, da Ingilishi ake rubuta su, kuma ɗalibin da ya bar koyon sa sai ya shiga dokta ya makara. Kano ba ta da nisa da mu. Wata biyu ko uku na hutu a can yana buɗe baki.

Ɗan fizik yana da raunin da ba ya son a faɗa masa: bai san jiki ba. Zai ƙera na'ura mai kyau da ba ta amsa tambayar kowa. Likita kuma ya san tambaya amma yana ɗaukar lambar da na'ura ta nuna kamar wahayi. Maganin ɗan fizik shi ne ya nemi izini ya zauna makonni a labo na asibiti, ya ga yadda ake shafa jini a gilashi, da yawan gilasan da ma'aikaci ɗaya ke dubawa a rana a watan Satumba lokacin da maleriya ta yi ƙamari, da abin da ake yi idan wuta ta ɗauke.

Bayan lisans sai mastar shekara biyu, sai dokta shekara uku a takarda, wadda a aikace takan zarce. A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace tasiri, wato inda za a yi da wanda zai duba aikin. Tarkon da ya cinye mutane da yawa shi ne a je Faransa ko Jamus ko Sin a ƙware a kan na'urar leza mai tsadar da ta fi kasafin tsangaya guda, a yi kundi mai kyau, a dawo gida babu ko ƙusa ɗaya ta wannan na'ura. Mutum yana da takarda amma hannunsa a ɗaure, bayan shekara uku ya koma malamin aji zalla ko ya sake ficewa. A ganinmu dokta ta haɗin gwiwa, wadda ake kira kotutel, ta fi dacewa: rijista a jami'o'i biyu, malamai biyu, watanni a can ana koyon kayan aiki, watanni a nan ana tara bayanai. Kafin a sa hannu a tambayi malamin can abubuwa uku a fili. Wane ɓangare na aikin zan iya ci gaba da shi da kayan da za su shiga akwati? Bayanan da na tara a Nijar mallakar wa ne? Ɗalibanka na baya suna ina yanzu?

Hanyoyin tallafi suna nan ga mai neman su. Cibiyar ICTP ta Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana shirya kwas na ilimin haske a lokacin sanyi, tana kuma da tsarin STEP da ke ɗaukar nauyin ɗalibin dokta ya riƙa zuwa yana komawa jami'arsa. Akwai TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, akwai ƙungiyoyin masana haske SPIE da Optica masu tallafa wa ɗalibai. Mafi kusa da halinmu ita ce AFSIN, haɗakar masu bincike na Afirka da Jérémie Zoueu ya jagoranta daga Yamusukuro ta Kodebuwa, da goyon bayan shirin ISP na jami'ar Ufsala ta Suwidin. Abin da suka yi darasi ne: sun ɗauki madubin likita na gama-gari suka cire fitilarsa suka sa fitilun LED goma sha uku, daga nanomita 375 zuwa 940, suna ɗaukar hoton jini ba tare da rini ba, a kowane launi, su nemo sawun maleriya. Ƙwayar cutar idan ta ci himoglobin tana barin wani baƙin gari mai suna hemozoyin, wanda ke shan haske da juya shi ta hanyar da ta bambanta da lafiyayyar ƙwaya.

Yanzu a ce mutum ya dawo, an ba shi ɗaki a tsangayar kimiyya. Abokan gabarsa uku ne: ƙura, zafi, da wutar lantarki.

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi masu kankare gilashi. Kada a taɓa goge gilashin madubi da gefen riga ko auduga busasshiya. A fara hura shi da ƴar robar hura iska, sannan a shafa takardar gilashi da aka ɗiga wa ruwan wankin gilashi, sau ɗaya, a jefar. Ƙurar da ta sauka a kan kyamara takan fito a matsayin ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, kuma manhaja tana iya ƙirga ta a matsayin ƙwayar cuta. Shi ya sa kowace rana ake fara aiki da hotuna biyu: ɗaya fitila a kashe, ɗaya fitila a kunne babu komai a kan gilashi. A cire na duhun daga hoton samfur, a cire shi daga na hasken, a raba na farko da na biyu. Wannan lissafi mai sauƙi yana share ɗigon ƙura da rashin daidaiton haske. Da damina kuma sai a koma tsoron funfuna a cikin gilasai, a ajiye su a akwati mai murfi da ƙullin silika.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana taɓa awo ta hanyoyin da ba a gani. Fitilar LED idan ta yi zafi haskenta yana raguwa, launinta yana ɗan gusawa, don haka a kunna ta minti ashirin zuwa talatin kafin a fara, a kuma rubuta zafin ɗaki a littafin aiki tare da kowane awo. Hayaniyar da kyamara ke haifarwa da kanta tana ninkawa duk ƙarin digiri shida zuwa takwas. Man da ake ɗigawa a gilashin 100 an tsara shi ne a digiri 23. Wanda ya saita na'urarsa a Janairu ya yi awo da ita a Mayu ba tare da sake saiti ba, bambancin da zai gani na yanayi ne, ba na majinyata ba. Game da wuta, a ɗora komai a kan batir da faranti mai hasken rana, a ciyar da LED da ma'auni mai riƙe ƙarfin wuta daram. Fitilar da ake rage haskenta ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri tana barin ratsi-ratsi a hoto.

Masu son amfani da salula su sani cewa kyamarar waya an yi ta ne don fuska ta yi kyau. Tana gyara launi da haske da kanta, tana matse hoto. Don awo sai an kulle tsawon buɗewa da daidaiton fari, a ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da waya ba ta gyara ba, a sa katin launi a cikin kowane hoto. Ba a raina hanyar ba: na'urar salula da ɗakin binciken Daniel Fletcher na jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka ya ƙera ta ƙirga tsutsar Loa loa a jinin dubban mutane a Kamaru. Ƙwan tsargiya, mai tsawon sama da maikiromita 100, ya fi maleriya sauƙin gani nesa ba kusa ba, kuma yaran da ke wanka a tabkunan yankin nan suna fama da ita. Ga mai neman batun mastar, wannan ya fi dacewa a fara da shi. Akwai kuma madubin OpenFlexure da ake bugawa da injin roba, wanda aka gwada tare da masu bincike na Tanzaniya, zanensa a buɗe yake ga kowa. Ko wanne aka zaɓa, a lissafa girman ɗigon kyamara: a raba shi da ƙarfin girmamawa, sakamakon kada ya wuce rabin kaifin gilashi. Ɗigo mai maikiromita 3.45 a bayan gilashin 40 yana ba da nanomita 86, gilashin kuma mai NA 0.65 kaifinsa wajen 420 ne, to ya wadatar.

Kafin a taɓa mutum sai an gwada na'ura a kan naman bogi da aka san halinsa. Wanda aka fi yi shi ne a ɗauki mililita 5 na Intralipid mai kashi 20, ruwan kitsen da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya, a cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100, abin da ke warwatsa haske kusan kamar nama; a ƙara tawadar Sin da aka tsarma sosai don ta sha haske. In ana son ya daskare sai a dafa agar kashi 1 zuwa 2, a bari ya huce zuwa wajen digiri 50 kafin a zuba sauran, a gauraya a hankali don kumfa tana ɓata awo. A zafinmu kwanaki kaɗan yake yi ya lalace, don haka mai son abin da zai daɗe ya yi da silikon da farin garin titaniyom. Duk mai aiki da leza kuma ya tuna cewa hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 1400 yana isa bayan ido, wanda ya wuce 700 kuwa ido ba ya ƙiftawa don ba ya ganin sa sosai. Tabarau na kariya sai wanda aka rubuta masa wannan tsawon igiyar.

Gwaji a kan mutane shi ne inda aiki ke zama kimiyya ko ya rushe. Da farko izinin kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, da yardar majinyaci ko uwar yaro da aka yi wa bayani da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, ba takardar Faransanci da aka miƙa a dangwala ba. Sai awon da za a kwatanta da shi. Ga na'urar yatsa, jinin jijiya ne da aka ɗiba a daidai lokacin da ake karanta lambar, kuma launin fata a auna shi da na'urar awon launi, kada a rubuta "baƙi" kawai, don tsakanin Bafulatani da Babarbare da Buzu akwai tazara. A rubuta ko da lalle a yatsa da irinsa, ko hannun ya yi sanyi, ko yaron na da ƙarancin jini. Ga maleriya, ma'aikata biyu su duba gilashi kowa bai san abin da ɗayan ya gani ba, na uku ya raba gardama. Rinin Gimsa, da ake rina jinin da shi kafin a duba, shi ma yana da nasa sharaɗi: kashi 10 na minti goma, ko kashi 3 na minti 45 zuwa 60, da ruwa mai pH 7.2. Ruwa mai tsami yana sa gilashi ya yi ja, mai kanwa-kanwa ya sa ya yi shuɗi, manhajar da ta koyi launin labo ɗaya sai ta ruɗe a wani.

Yawan mutane kuma lissafi ne. Wanda ke son ya nuna na'urarsa tana kama kashi 90 na masu cuta, da kuskuren da bai wuce 5 sama ko ƙasa ba, yana buƙatar masu cutar kusan 140. In mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita, sai ya gwada wajen 700. Kundin da aka gina a kan mutum talatin ba ya tabbatar da komai. Masu koya wa kwamfuta gane hoto suna da wani kuskure da ya zama ruwan dare: su yanka hotunan majinyaci ɗaya, wasu a koyarwa wasu a jarrabawa, sai sakamako ya fito kashi 99. A raba ta mutum, in da hali ta asibiti: a koyar da na Damagaram, a jarraba da na Magarya ko Mirya. Ko Google ta gamu da wannan a Tailan, inda binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna manhajarta ta duba idon masu ciwon suga ta ƙi karɓar kashi 21 na hotunan da aka ɗauka a ƙananan asibitoci, galibi saboda hasken ɗaki da ingancin hoto.

Hawa matsayi a jami'o'inmu yana bin tsarin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Daga mataimakin malami ana neman shiga jerin cancanta na LAFMA, wato matakin farko, sannan LAFMC na matakin tsakiya, sannan LAFPT na cikakken farfesa, kuma kwamitocin ƙwararru suna zama sau ɗaya a shekara su duba koyarwa da wallafe-wallafe da ɗaliban da mutum ya yaye. Likitoci kuwa ta gasar agiregasiyon suke haura matakin tsakiya. Mai aiki a tsakanin fannoni biyu ya lura da wannan tun wuri: kwamitin fizik zai nemi ya ga sabon abu a awo ko a lissafi, na likitanci zai nemi amfanin majinyaci. Aiki ɗaya yana iya haifar da maƙala biyu na halal, ɗaya kan na'urar da saitinta, ɗaya kan gwajin asibiti, muddin ba maimaita abu ɗaya aka yi ba. A yi yarjejeniyar jerin sunaye a rubuce kafin a ɗebi jinin farko, a sa ma'aikacin labo da ya duba gilasai in ya cika sharaɗi, kada ɗan gida ya ƙare a layin godiya alhali shi ya tara bayanan. Mujallar da ta aiko saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in an biya, a guje ta, don kwamiti na iya watsar da maƙalar, shekara guda ta tafi a banza. Manyan mujallu da dama suna sassauta kuɗin bugawa ga marubutan ƙasashe irin Nijar, amma sai an nema lokacin miƙa maƙalar, kuma ta shirin Research4Life ɗakin karatun jami'a yana iya samun damar karanta dubban mujallu kyauta idan ya yi rijista.

Abin da ke kashe bincike a shekarun farko shi ne nauyin koyarwa: aji cike, takardun jarrabawa ɗari-ɗari, taro a kan taro. Dabarar da ke aiki ita ce a ɗaure batutuwan mastar a kan tambaya ɗaya, ɗalibin bana ya gina naman bogi ya saita na'ura, na baɗi ya yi gwajin farko a asibiti, na bayansa ya faɗaɗa zuwa wani gari, kowa ya bar littafin aiki da manhaja da ɗanyen hotuna a ma'ajiya biyu, ɗaya a wajen jami'a. Tara bayanan maleriya a tsara shi daga Agusta zuwa Oktoba, wanda ke nufin takardar neman izinin kwamitin ɗa'a ta bar hannu tun kafin bazara, odar gilasai da rini kuma a yi ta da wuri don kaya sukan daɗe a hanya da wajen duwan.